Zomon Da Ke Jikin Kwalbar Jan Farce

A wannan makon za mu ɗauki abin da da yawanmu ba mu taɓa ɗauka yana da tarihi ba, wato 'yar kwalbar jan farce. Idan muka juya bayan wasu kwalaben za mu ga zanen zomo, a gefensa kuma kalmomi biyu na Turanci, "cruelty-free" da "vegan". Ta farko tana nufin ba a gwada kayan a jikin dabba ba. Ta biyu tana nufin babu wani abu na jikin dabba a cikin haɗin. Me ya kawo zomo harkar kwalliya?

Labarin ya faro ne daga Amurka. A 1932 Charles Revson da ɗan'uwansa Joseph da wani masanin haɗa sinadarai mai suna Charles Lachman suka kafa kamfanin Revlon, kuma jan farce ne hajarsu ta farko. A lokacin, gwamnatin tarayyar ƙasar ba ta da dokar da ke sa ido kan kayan kwalliya, kowa abin da ya ga dama yake zubawa a kwalba. A 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata fiye da goma, mace ɗaya kuma ta rasa ranta. Sinadarin da ya yi wannan ɓarna, wanda ake taƙaita sunansa da PPD, shi ne ake samu a rinin gashi da baƙin ƙunshin da ke ƙona hannun wasu amarenmu har yau. A 1938 Shugaba Roosevelt ya sa hannu kan dokar abinci da magunguna da kayan kwalliya.

Daga nan kamfanoni suka shiga neman hanyar tabbatar da cewa kayansu ba za su cutar ba. A 1944 John Draize, masanin guba a hukumar FDA, ya fito da gwajin da ya ɗauki sunansa. Ana ɗaure zomo, a ɗiga masa sinadari a ido ko a shafa a fatarsa da aka aske, a yi kwanaki ana duba kumburi da gyambo. An zaɓi zomo saboda ba shi da tsada, ba ya faɗa, kuma idonsa ba ya zubar da hawayen da zai wanke abin da wuri. Mu lura da kyau, wannan gwaji don kare idon mata aka ƙirƙiro shi. An tsare mutum, zomo ya biya kuɗin. A wannan shekarar dai, a Ingila, Donald Watson da abokansa suka ƙirƙiri kalmar "vegan" don masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba.

Adawa ta taso sannu a hankali. A 1959 Muriel Dowding ta kafa ƙungiyar Beauty Without Cruelty a Ingila. Amma wanda ya girgiza kasuwar shi ne Henry Spira, wani malamin makaranta a New York. A 1980 ya sayi shafi guda cur a jaridar New York Times, ya tambayi Revlon adadin zomayen da take makantarwa saboda ado. Bai zagi kowa ba, tambaya ɗaya ya yi, ya kama suna ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare Revlon ta yi alkawarin dala 750,000 ga Jami'ar Rockefeller don binciken wata hanyar gwaji. A 1989 Revlon da Avon suka sanar da daina gwaji a kan dabbobi. A 1996 wasu ƙungiyoyin kare dabbobi suka haɗu suka fito da tambarin zomo mai tsalle, Leaping Bunny, wanda ke bin diddigin kamfani har zuwa masu kawo masa sinadarai. Tarayyar Turai ta bi a matakai, har ranar 11 ga Maris 2013 ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. A Amurka babu dokar da ta fayyace ma'anar "cruelty-free", don haka kowane kamfani zai iya zana zomonsa. Kamfani zai iya cewa bai gwada ba, alhali mai sayar masa da sinadari ya gwada. China ta daɗe tana wajabta gwajin dabba kan kayan kwalliyar da ake shigar mata, sai a 2021 ta sassauta, kuma a 2012 aka gano cewa Avon da wasu manyan kamfanoni suna biyan kuɗin wannan gwaji don shiga kasuwarta. The Body Shop, wanda ya yi suna wajen yaƙi da gwajin, L'Oréal ce ta saye shi a 2006. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A wannan harka, makashin da maratayin sukan zauna a kamfanoni daban, tambarin kuma ɗaya kawai yake wankewa.

Kalmar "vegan" ita ma tana da iyakarta. Ƙyallin da ke cikin wasu jan farce daga ɓawon kifi ake samo shi, wani jan launin kuma daga ƙwaron cochineal da ake kiwo a Peru, wanda sai an niƙa kusan 70,000 kafin a samu abin da bai kai rabin kilo ba. Masu guje wa ɓawon kifi sukan koma ga wani dutse mai sheƙi da ake kira maika. Dutse ba dabba ba ne, amma a jihohin Jharkhand da Bihar na Indiya an sha samun yara ƙanana suna haƙo shi a ramukan da kan rufta da su. Kwalba za ta iya cika sharuɗɗan kalmomin nan biyu ba tare da ƙarya ba, kuma gumin yaro yana cikinta. Haka ma ma'aikatan shagunan gyaran farce da ke shaƙar warin yini guda. A 2012 wata hukuma a California ta gwada kayan farce 12 da suka ce babu sinadarin toluene a cikinsu, ta same shi a 10.

Wannan ba ya nufin tambarin banza ne. Zomaye masu yawa sun tsira saboda shi, kuma mutane ne suka yi shekaru suna fafutuka kafin a samu. Abin da tarihin ke nuna mana shi ne kowace kalma amsar tambaya ɗaya ce tak da wani ya taɓa yi da ƙarfi. Tambayar da ba a yi ba, babu tambarinta.

Mu da muke koyon rubutu, nan ne aikinmu yake. Idan muka ci karo da "na gargajiya zalla" ko "ba shi da illa" a jikin man shafawa ko maganin da ake talla, mu tambaya: wa ya faɗa, wa ya tabbatar, wa aka bari a waje? Spira da tambaya ɗaya ya motsa kamfanin da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauki kwalba ɗaya a ɗakinsu, ya karanta bayanta, ya rubuto mana sakin layi biyu kan kalma ɗaya da ya gani. Sai mun ji daga gare ku.