Niyi Osundare, Mawaƙin da Ya Sauko da Waƙa Kasuwa

Niyi Osundare marubucin waƙoƙi ne kuma farfesan adabi, ɗan Najeriya. An haife shi ranar 12 ga Maris, 1947, a Ikere-Ekiti, a ƙasar Yarbawa. Mahaifinsa manomi ne mai kiɗa da waƙa, shi ya sa amon ganga da ƙamshin gona ba su rabu da baitocinsa ba, ko da yake da Turanci yake rubutu. Ya yi digirin farko a Jami'ar Ibadan, na biyu a Leeds ta Ingila, na uku kuma a Jami'ar York da ke Toronto, a Kanada, a 1979.

Lokacin da ya fito, waƙar Turanci a Najeriya ta kusa zama zaurance, mai digiri ma sai ya yi gumi kafin ya gane ta. Osundare ya ƙi bin wannan sahu. Littafinsa na farko, Songs of the Marketplace, ya fito a 1983, kuma sunan kaɗai ya tona manufarsa: waƙa ta shiga kasuwa, ɗan dako da mai talla su ji ana magana a kan wahalarsu. Daga 1985 ya riƙa buga waƙa duk mako a jaridar Sunday Tribune, yana caccakar masu mulki a zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasar. A ganina wannan shi ne babban aikinsa, ya fi duk lambobin da ya samu nauyi.

Lambobin ma ba kaɗan ba ne. The Eye of the Earth, na 1986, mai kukan sarar daji da lalata ƙasar noma, ya ci kyautar waƙa ta ƙasashen rainon Ingila. Waiting Laughters ya ci kyautar Noma, wadda ake bai wa littattafan da aka wallafa a Afirka, a 1991.

Ya zama farfesa a Ibadan a 1989, ya shugabanci sashen Turanci, sannan ya koma Jami'ar New Orleans a Amurka a 1997. A can guguwar Katrina ta same shi a watan Agustan 2005. Ruwa ya cika gidansa, shi da mai ɗakinsa suka maƙale a ƙarƙashin rufi fiye da kwana guda, har wani maƙwabci ya zo da kwalekwale ya cece su. Littattafansa da rubuce-rubucen da bai kai ga bugawa ba duk ruwa ya cinye. Daga wannan rashi ya rubuta City Without People, wanda ya fito a 2011.

A 2014 aka ba shi lambar NNOM, mafi girman karramawar da Najeriya ke yi wa masana.