Daga CORBA zuwa Ƙauyukan Jazira: Tarihin Manhajar da Aka Rarraba a Kwamfutoci

A ƙarshen shekarun 1980 bankuna da manyan kamfanoni sun wayi gari da kwamfutoci iri-iri, kowace da yarenta, babu mai jin maganar 'yar uwarta. Don magance haka aka kafa ƙungiyar OMG a Amurka a 1989, ita kuma ta fitar da ƙa'idar CORBA a 1991. Dabarar ita ce a gina manhaja gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tana riƙe da bayananta da aikin da ta iya. Gaɓar asusu, alal misali, ta san kuɗin da ke ciki, ta iya karɓa, ta iya fitarwa. Sai a warwatsa gaɓoɓin a kwamfutoci daban-daban, a sa wata manhaja a tsakani tana kai saƙo tana kawo amsa. Masu ƙa'idar da kansu dillali suka kira ta, kuma sunan ya dace. Alkawarin da suka yi wa mai rubuta manhaja shi ne ba sai ya san inda gaɓa take ba: ta cikin kwamfutarsa da ta wata ƙasa duk kira ɗaya zai yi musu.

Microsoft ya biyo baya da DCOM a 1996, kamfanin Sun ya kawo RMI cikin yaren Java a 1997, sannan EJB a 1998, daidai lokacin da kamfanoni ke rububin ɗora harkokinsu a intanet.

Tun kafin wannan rububi, a 1994, Jim Waldo da abokan aikinsa uku a kamfanin Sun sun rubuta wata taƙaitacciyar maƙala suna cewa alkawarin nan ba zai cika ba. Daga cikin hujjojinsu akwai jinkiri, domin kiran da zai bi waya ya fi na cikin gida daɗewa ninkin ba ninki. Amma wadda ta fi nauyi ita ce lalacewar wani sashe alhali sauran na aiki. Kwamfuta guda idan ta mutu, kowa ya san ta mutu. Idan kuwa ka umarci gaɓar da ke nesa ta fitar da kuɗi sai ka ji shiru, abu uku ne: ko saƙon bai isa ba, ko ya isa na'urar ta tsaya kafin ta gama, ko an fitar da kuɗin amsar ce ta ɓace a hanya. Ka sake aikawa, wataƙila ka biya sau biyu. Ka ƙyale, wataƙila ba ka biya ba. Duk wanda ya taɓa ba ɗan aike kuɗi ya ji shi shiru ya san wannan zullumi. A ganina nan ne maƙalar ta fi yin gaskiya, domin saurin waya yana rage jinkiri, amma ba ya fassara shiru.

A hankali magina suka ɗauki darasin. Suka rage yawan kira, suna ƙunsa buƙatu da yawa a saƙo ɗaya. Suka riƙa ba kowace hada-hada lamba tata, yadda ko an maimaita ta sau ɗaya za ta zartu. Katangun tsaron kamfanoni ma suna yawan tare saƙonnin CORBA, suna barin na shafukan intanet su wuce. A 2000 Roy Fielding ya bayyana tsarin REST a kundin digirinsa na uku, kuma a 2018 aka cire CORBA daga Java.

Ƙa'idar ta ja baya, matsalar kuwa tana nan, kuma Hausawan Sudan sun gan ta ido da ido. Kakanninsu da yawa sun yada zango ne a bakin Shuɗin Nilu a kan hanyar Makka, wasu tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Garin Mai Wurno kusa da Sinnar sunansa ya ci. Wasu aikin auduga ya zaunar da su a gandun Jazira bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, rassan bankuna da dama suka rufe, tsabar kuɗi ta yi wuya, sai manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta zama aljihun jama'a. Ɗan uwa a Saudiyya ya turo, mai shago ya ga shaidar biya a waya, a auna dawa.

A Disambar 2023 dakarun RSF suka kama Wad Madani. A Fabrairun 2024 kuma layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Wayoyi da turakun sadarwa a warwatse suke, amma cibiyoyin da ke juya su a Khartum aka tara su, inda yaƙin ya fi zafi. Kuɗin mutum na nan a asusu, hanyar isa gare shi ce ta yanke. A Jazira mutane suka koma biyan kuɗin sa'a a wuraren da aka kafa faifan Starlink, don kawai su duba ko abin da aka turo ya shigo. Zain bai fara dawo da layinsa ba sai a Maris, bayan ya kafa sabuwar cibiya a Fot Sudan.