Yadda Biranen Amurka Suka Ɗauki Nauyin Jinyar Ma'aikatansu

Kowane birni mai hukuma yana da ma'aikata: 'yan sanda, da masu kashe gobara, da malaman makaranta, da akawuna, da masu share titi. Albashinsu ba shi da wuyar lissafi, gama ma'aji ya san yawansu, ya kuma san abin da za a ba kowa ƙarshen wata. Ciwo ne ba ya lissaftuwa da sauƙi, don ba wanda ya san ranar da zai kwanta, balle abin da likita zai ce a biya. A Ingila an raba wannan gardama tun 1948, sa'ad da Gwamnati ta ɗauki jinyar kowa da kowa daga kuɗin haraji. Amurka kuwa ba ta bi wannan hanya ba. Can galibi wurin aikin mutum shi ke tsaya masa, saboda haka nauyin jinyar ma'aikatan birni ya faɗa kan baitulmalin birni.

Tushen abin yana wani birni da ake kira Dallas, cikin Jihar Texas. A 1929 aka ba wani mutum mai suna Justin Ford Kimball kula da asibitin Jami'ar Baylor. Da ya buɗe littattafan bashi, sai ya ga sunayen malaman makaranta da yawa waɗanda suka yi jinya suka kasa biya. Ya kuwa san halinsu sarai, domin dā shi ne shugaban makarantun birnin. Sai ya kawo shawara, kowane malami ya riƙa ba da rabin dala a wata, watau dala 6 a shekara, in ciwo ya kama shi asibiti ya kwantar da shi har kwana 21 ba ya biyan kuɗin kwanciya. Malamai fiye da dubu suka shiga. Wasu asibitoci suka ga abin ya yi kyau suka kwaikwaya, daga nan ne ƙungiyar nan ta Blue Cross ta samo asali.

Wannan shi ake kira inshora. Mai karatu zai ce ai adashi ne, amma akwai bambanci. A adashi kowa yana zubi, kowa kuma yana jiran ranar ɗaukarsa. A inshora kowa yana zubi, amma wanda ciwo ya kayar shi kaɗai ke ɗauka, sauran kuwa ribarsu kwanciyar rai. Sharaɗinta shi ne masu lafiya su fi marasa lafiya yawa nesa. Ka riƙe wannan, don duk abin da ya faru daga baya a kansa ya rataya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa abin ƙarfi ba da niyyar kowa ba. A 1942 Gwamnati ta hana ƙarin albashi barkatai don kada kaya su yi tsada. Ga masana'antu suna neman hannu ruwa a jallo, samari sun tafi yaƙi. Da ba su sami ikon jawo ma'aikata da albashi ba, sai suka jawo su da alkawarin jinya, hukuma kuma ta ce wannan ba ya cikin abin da aka hana. A 1954 doka ta tabbatar da cewa kuɗin da uban gida ya biya don jinyar ma'aikacinsa ba a cire masa haraji. Kafin nan, a 1950, ƙungiyar masu ƙera motoci ta Detroit ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin General Motors, ya yarda zai biya rabin kuɗin inshorar jinyar ma'aikatansa. Ma'aikatan birni suna gani, su ma suka nema. A 1958 Magajin Garin New York, Robert Wagner, ya ba ƙungiyoyinsu izinin zama da hukuma a yi ciniki kan albashi, a 1959 kuma Jihar Wisconsin ta mai da wannan doka.

To, a nan ne fa wurin da ya kamata duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya tsaya ya duba. In ma'aikata suka nemi ƙarin albashi aka ba su, nan take sai ya bayyana cikin kasafin bana, tilas a ƙara haraji ko a rage wani aiki, jama'a kuma su yi gunaguni. Amma in aka ce da su, ku yi haƙuri da ƙari, in kun bar aiki birni zai yi jinyarku da ta matanku har mutuwa, ba ko anini da zai fita bana. Ma'aikata su tashi da murna, magajin gari shi ma ya tashi da murna, wanda zai biya kuwa yana makarantar elemantare, ko ma ba a haife shi ba. Ban ce an yi haka da mugunta ba. Sa'an nan jinya tana da araha, masu fansho kuma kaɗan ne. Sai dai alkawari ne da ba a rubuta shi cikin littafin bashi ba, kuma ba a ajiye masa kome ba.

Abubuwa uku suka taru suka kumbura shi. Na farko, jinya ta yi tsada. A 1960 abin da Amurka ke kashewa kan lafiya kusan kashi 5 ne cikin ɗari na dukan arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, amma a 2010 ya wuce kashi 17. Na biyu, mutane suka riƙa yin tsawon rai. Na uku, shirin Medicare da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1965 don jinyar tsofaffi sai mutum ya kai shekara 65 yake shiga, 'yan sanda da masu kashe gobara kuwa da yawa suna barin aiki suna da hamsin da 'yan kai. Shekarun da ke tsakani duk birni ke ɗauka.

Sai a 2004 hukumar da ke tsara wa jihohi da birane ƙa'idar lissafi ta ce dole kowane birni ya ƙididdige wannan alkawari ya bayyana shi. Da aka buga lissafi, hankalin majalisu da yawa ya tashi. Kowa ya nemi dabara. Manyan birane da dama ba sa ba kamfanin inshora kuɗin, suna riƙewa su biya asibiti da kansu don su tsira da ribar da kamfani zai ci. Ƙananan garuruwa sukan haɗa asusu ɗaya, don ciwon mutum guda kada ya karya su. Kusan ko'ina an ƙara abin da ma'aikaci ke biya daga aljihunsa kafin inshora ta karɓa, wasu kuma suka daina yi wa sababbin ma'aikata alkawarin jinya bayan barin aiki. A 2011 Jihar Massachusetts ta ba garuruwanta ikon ƙara wannan kaso ko shiga asusun jiha ba sai an yi doguwar jayayya da ƙungiyoyi ba. A ganina Los Angeles ta fi su duka hangen nesa, gama tun ƙarshen shekarun 1980 ta fara ajiye kuɗin jinyar masu fansho shekara shekara tun suna kan aiki. Sauran dabarun, in ka duba su da kyau, yawancinsu sauke kaya ne daga kan birni a ɗora wa ma'aikaci.

Inda ba a yi tanadi ba kuwa, an ga abin da ba a so. Birnin Stockton na California ya karye a 2012, ya soke jinyar masu fanshonsa gaba ɗaya. Amma labarin Detroit ya fi girma. A 1950 mutanenta sun kusa miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hamsin. Masana'antu suka yi ta rufewa, masu hali suka ƙaura bayan gari, har a 2010 saura dubu 713 da 'yan kai. Masu biyan haraji suka ragu, alkawari kuwa yana nan yadda yake, har masu fansho suka yi kusan ninki biyu na masu aiki. A watan Maris 2013 Gwamnan Michigan, Rick Snyder, ya naɗa wani lauya mai suna Kevyn Orr ya riƙe kuɗin birnin. Ran 18 ga Yuli na wannan shekara Orr ya kai wa kotu takardar cewa Detroit ta kasa biyan bashinta. Bashin ya kai wajen dala biliyan 18, biliyan ɗaya kuwa ita ce miliyan dubu. Cikin wannan, kusan biliyan 6 alkawarin jinyar masu fansho ne, kuma ba a ajiye masa wani abin kirki ba.

Da aka zauna rabon asara, fansho ya sami masu tsaya masa. Tsarin mulkin Michigan ya ambace shi da suna, ko da yake alƙali Steven Rhodes ya yanke cewa a kotun Tarayya ana iya rage shi. Gidauniyoyin taimako, da Gwamnatin jiha, da gidan adana zane-zane na birnin suka yi alkawarin dala miliyan 816 don a sauƙaƙa wa masu fansho, kada kuma a sayar da zane-zanen. Saboda haka ma'aikatan ofis da na titi kashi 4 da rabi cikin ɗari aka rage musu, tare da soke ƙarin da ake yi musu kowace shekara. Jinya kuwa ba ta da irin wannan garkuwa, don tun 2005 babbar kotun jihar ta ce wancan sashe na tsarin mulki bai shafe ta ba. Aka zabge wajen kashi 90 cikin ɗari. Maimakon biliyoyin nan, birni ya ba da takardun bashi na dala miliyan 450 ga asusu biyu, ɗaya na 'yan sanda da masu kashe gobara, ɗaya na sauran ma'aikata, ya wanke hannunsa.

Alƙali ya amince da wannan shiri ran 7 ga Nuwamba 2014. Amma tun watan Maris na shekarar tsofaffin ma'aikata suka ji a jika. Waɗanda suka kai 65 aka mai da su kan Medicare. Waɗanda ba su kai ba, yawancinsu aka yanka musu dala 125 a wata, aka ce kowa ya je ya sayi inshora da kansa, a ƙasar da inshorar mutum mai shekara sittin takan ci ninkin wannan kuɗi sau da dama.