Mary Robinson, Mai Jinyar da Ta Nemi a Sallame Ta Bayan Wata Ɗaya

Idan aka ambaci Liverpool, mai karatu, wataƙila ƙwallon ƙafa ce za ta fara faɗo maka a rai. Amma a wannan birni na Ingila ne, a shekarar 1859, aka kafa tubalin wani aiki da ya shafi duk gidan da ke da majinyaci a kwance: tura ƙwararriyar mai jinya ta bi marasa lafiya har ɗakunansu.

A shekarar ce matar wani attajiri mai suna William Rathbone ta kwanta ciwon ajali. Ya ɗauko wata ma'aikaciyar jinya, Mary Robinson, ta zauna da ita a gida har rai ya yi halinsa. Sauƙin da ya ga matarsa ta samu a hannunta ya tsaya masa a zuciya. Idan mai dukiya da barori ya buƙaci irin wannan hannu, ina ga talaka? Sai ya roƙi Mary ta yi wata uku tana zagaya wata unguwar matalauta, shi kuma ya ɗauki nauyin albashinta da kayan aiki.

Sai ka san unguwannin kafin ka auna nauyin roƙon. Liverpool tashar jiragen ruwa ce da ta cika ta batse, musamman bayan yunwar da ta koro dubban mutanen Ailan a shekarun 1840. Iyalai na cunkushe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu laima da lunguna marasa iska, inda tarin fuka da kwalara da zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa suka yi sansani. Mu masu harhaɗa magunguna mun san kuma yadda jakarta take fayau: sai 1882 aka gano ƙwayar cutar tarin fuka, maganinta na farko kuwa sai a shekarun 1940. Abin da Mary ta shiga da shi ke nan: ruwa da sabulu, shimfiɗa mai tsabta, abinci, wanke gyambo, buɗe taga, da koya wa mutanen gida yadda za su ci gaba bayan ta fita.

Wata ɗaya kacal ta yi, ta komo wurin Rathbone ta ce ya sallame ta, domin zuciyarta ba za ta iya ɗaukar baƙin cikin da take gani ba. A ganina nan ne tsakiyar tarihinta, ko da yake masu ba da labarin sukan wuce shi da sauri. Mace ce da ta saba da zama kusa da mutuwa, sana'arta ce, amma kwana talatin suka kusa karya ta. To, ka dubi wadda ke jinya a gidanku, uwa ce ko 'ya ko matar ɗa, wadda ba ta da horo ba ta da albashi, ita ce mai juya majinyaci cikin dare, ita ce mai riƙe lokutan shan magani a ka. Mu da ke miƙa magani ta taga mun san cewa daga hannun da bai yi barci ba ake tsallake ƙwaya ko a ninka ta. Ranar da ta ce ta gaji, gaskiya ta faɗa, kuma lokacin karɓarta ya yi.

Rathbone ya lallashe ta ta ƙarasa wa'adin. Da wata ukun suka cika, ta ga gidajen da suka farfaɗo a hannunta, sai ta ce ba ta son wani aikin jinya kuma sai wannan.

Shi ma ya fahimci cewa mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya nemi shawarar Florence Nightingale, ta ce masa ya horar da ma'aikatansa da kansa. A 1862 aka kafa makarantar koyon jinya a jikin babban asibitin birnin, aka raba Liverpool gunduma 18, kowace da mai jinyarta da wata mai sa ido da ke kula da ita da kayan aikinta. Sauran biranen suka kwaikwaya, har a 1887 aka ware wani kaso na kuɗin da matan ƙasar suka tara don bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 50 a kan gadon sarauta, aka kafa cibiyar horar da masu jinyar gida ta ƙasa.

Yau akwai mutum-mutumin Rathbone a lambun St John da ke tsakiyar Liverpool. Sunan Mary Robinson kuwa ya iso gare mu ne ta cikin labarin mutumin da ya ɗauke ta aiki.