Asalin Ɗakin Yara na San Lorenzo a Birnin Rum

Bayan da Rum ta zama babban birnin Italiya a shekarar 1871, attajirai suka dukufa ga gina benaye saboda kwaɗayin riba, har kasuwar gini ta faɗi, aka bar gidaje da yawa ba a ƙarasa ba, musamman a wata unguwa da ake ce wa San Lorenzo, inda talakawa da marasa galihu suka cunkushe, cuta da fitina suka yi katutu. Da aka daɗe a cikin wannan hali sai wani kamfanin gidaje, wanda injiniya Edoardo Talamo yake shugabanta, ya sayi waɗansu daga cikin benayen, ya gyara su, ya shafe su da farar ƙasa, ya zuba 'yan haya.

To, a nan wata mushkila ta ɓullo. Iyaye, maza da mata, suna fita neman abinci tun da sassafe, su bar ƙananan yara waɗanda ba su isa shiga makaranta ba suna gararamba a matakala, suna ɓata bango da zane-zane. Masu gida suka yi lissafi, suka ga cewa ware ɗaki guda a ƙasan bene, a tara yaran a ciki a ƙarƙashin kulawar mace ɗaya, ya fi sauƙin kuɗi bisa ga gyaran da ake yi kullum. Watau dai tsimi ne asalin al'amarin, ko da yake Talamo mutum ne mai nufin alheri.

Wadda aka danƙa wa amanar ita ce Mariya Montesori, likita, wadda ta sami shahadarta a Jami'ar Rum a 1896, ta kuma yi shekaru tana nazarin tarbiyyar yara masu raunin hankali. Ran 6 ga Janairu 1907 aka buɗe ɗakin a titin Marsi, da yara wajen hamsin, aka raɗa masa suna Gidan Yara. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: manyan tebura masu nauyi, da allo, da murhu, da wani dogon kabad da ake kulle kayan koyarwa a ciki. Mai kula da yaran kuwa ba ta da ilmin malanta, 'yar mai gadin gidan ce.

Hikimar Montesori, a ganina, ita ce da ta rasa dukiyar da za ta ƙawata ɗakin, sai ta zauna tana duban yaran da idon likita, tana gyara wurin gwargwadon abin da ta gani a ɗabi'arsu. Ta sa kafinta ya yi tebura da kujeru daidai tsawon yaro, marasa nauyi ƙwarai, yadda ɗan shekara huɗu zai ɗauka ya kai inda ransa ya so. Aka ajiye kwanon wanke hannu ƙasa-ƙasa, yaran suka koyi shara da goge ƙura da ɗaura maɓalli. Wata rana malamar ta manta ba ta kulle kabad ba, ta kuma makara, da ta iso ta tarar yaran sun buɗe, kowa ya zaɓi abin da yake so, sai ta ɗauki abin a matsayin sata, alhali Montesori ta fahimci alama ce ta cewa sun isa su yi wa kansu zaɓi. Daga nan aka sauko da kaya kan gajerun kantoci inda hannun yaro yake kaiwa. Kayan wasa masu tsada da aka kawo musu, har da 'yan tsana, ba su ko waiwaye su ba, kamar yadda yaranmu sukan bar motar kanti su koma ga ta kara wadda suka sassaƙa da hannunsu.

Haka batun haruffa. Montesori ta so a yi mata su da katako, kuɗin ya gagara, sai ta yanka su daga samfefa ta manna a kan kwali, yaro yana bin harafi da yatsa yana furta sautinsa, har a watan Disamba na 1907 aka ga 'yan shekara huɗu da biyar suna rubuta kalmomi da alli ba tare da an tsananta musu ba. An kuma gindaya wa iyaye sharaɗi, su kawo yaro cikin tsafta a kan lokaci, uwa kuma ta riƙa ganawa da malama sau ɗaya a mako.

A 1909 Montesori ta wallafa littafinta a kan wannan tafarki, aka fassara shi zuwa harsuna da dama, makarantu masu sunanta suka bazu har Amurka da Indiya, kafin ta rasu a ƙasar Holan a 1952. Sunan nan yau ana ganinsa a jikin makarantun kuɗi a Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda galibi ɗan lebura, irin wanda aka buɗe ɗakin farko dominsa, ba shi da halin shiga.