Mashayun Birnin Landan da Abin da Aka Ƙulla a Cikinsu

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin masu sauraro su yi mamakin jin an ɗauko zancen mashaya a zauren ilmi. Dalili shi ne, mai nazarin tarihin Ingila ba shi da yadda zai kauce mata, domin a wurin Turawan Ingila ita ce dandali, ita ce masauƙin fatake, a can kuma ƙungiyoyi kan yi taro.

Daga cikin tsofaffin da suka saura akwai Ye Olde Cheshire Cheese a Titin Fleet, wadda aka sake ginawa a 1667 bayan babbar gobarar 1666, ta zama matattarar 'yan jarida. A ƙetaren Kogin Tems kuma akwai George Inn, ginin 1677, inda a da kekunan doki kan yada zango.

Amma wadda ta fi shafarmu ta riga ta shuɗe, watau St Alban's Tavern. A cikinta ne, ran 9 ga Yuni 1788, waɗansu masu hannu da shuni, har da Sir Joseph Banks, suka kafa African Association, da niyyar gano inda Kogin Kwara ya nufa. Su ne suka aiko Mungo Park a 1795, ya kuwa ga kogin a Segu a 1796. A tafiyarsa ta biyu, wadda gwamnati ta ɗauki nauyinta, ya halaka a Busa. Abin lura a nan shi ne, binciken da ya share wa mulkin mallaka hanya, a bakin teburin cin abinci aka fara shawararsa.

Na zamani kuwa, yawanci kasuwanci ne tsantsa. Kamfanin Wetherspoon, wanda ya soma a 1979, yakan mai da tsofaffin bankuna da gidajen silima mashaya. Arha gare su, sai dai a ganina ba su da tarihin kansu. Tsadar fili kuma ta cinye ƙanana da yawa. A 2015 wani kamfani ya rushe Carlton Tavern ba da izini ba, mutanen unguwa suka yi tsaye, hukumar Westminster ta tilasta a mai da ginin yadda yake. Aka sake buɗe ta a 2021.