Tarihin Horon Likitoci a Ƙasar Kano da Rabon Mutanen Karkara a Cikinsa

I

Ƙasar Dawakin Tofa tana arewa maso yamma da birnin Kano, tafiyar da ba ta cika yini guda a ƙasa ba. Tun sa'ad da Turawa suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumominsu, a farkon ƙarni na 20, garin ya zama mazaunin Madakin Kano, na gidan Yolawa. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona, ba a barin saura, a da kuma ana riƙe ƙarfin ƙasa da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Irin wannan karkara ce Mortimore da Wilson suka yi bincike a kanta suka buga a 1965. Inda mutane suka yi yawa haka, rijiya ɗaya ta ishi unguwa, kasuwa kuma tana ci kusa da kusa, cuta ba ta wahalar samun hanya. Saboda haka tambayar wane ne ke horon mai magani, a ina, kuma da wane harshe, ta shafi manomin Dawakin Tofa fiye da yadda ta shafi mazaunin Nasarawa. Manufar wannan takarda ita ce a bi tarihin horon nan mataki-mataki, a ga abin da kowane mataki ya ƙara da abin da ya zubar.

II

Kafin zuwan Turawa Kano a 1903, aikin magani sana'a ce ta gado, kowane reshe da masu shi. Wanzami na yin aski da ƙaho da kaciya da cire beli, maɗori na ɗora karaya, ungozoma na yanke cibi ta kula da mai jego, boka da 'yar mai ganye suna da sassaƙe da saiwoyi, malami kuwa yana da rubutu da addu'a da littattafan ɗibbu. Shugabannin jihadi ba su raina wannan fanni ba, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai da Larabci a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir.

Hanyar koyo ɗaya ce a duk rassan nan, watau zama a gindin gwani. Yaron wanzami yakan yi shekaru yana ɗaukar zabira yana wasa aska, yana kallo, kafin a yarda ya taɓa kan mutum. Aibin wannan hanya a fili yake: ba a rubuta wanda ya warke da wanda ya mutu, kowane gida na ɓoye asirinsa, kuskuren uba kuwa sai ɗa ya gaje shi tare da kayan aiki. Amma tana da abu guda mai daraja. Mai koyo da majinyaci harshensu ɗaya, garinsu ɗaya, kuma mai koyo ya san abin da ake ci da abin da ake sha a gidan da aka kira shi.

III

Likitocin Turawa na farko an kawo su ne domin lafiyar ma'aikatan Gwamnati da soja. Annobar mura ta 1918, wadda Hausawa suka kira marisuwa, da sanƙarau da agana da suka riƙa dawowa da rani, sun nuna cewa ba a iya kare bariki a bar gari. Daga cikin likitocin nan akwai wanda ya mai da kansa ɗalibin Hausawa, shi ne J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa ya buga a 1916, littafin da masu nazarin harshe ke amfani da shi har yanzu.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, En'e ta ɗauki nauyin lafiyar talakawa da kuɗin Baitulmali. Asibitin birni, wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala Muhammad, ya kafu ya bunƙasa, aka kuma shiga gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Masu riƙon ɗakunan nan ba likitoci ba ne. Samari ne da suka fito daga elementare ko midil, aka ba su gajeren horo, yawanci a Zariya, a kan wanke gyambo da ba da magani da gane cututtukan da suka fi yawa. A 1932 kuma aka buɗe Makarantar Tsabta a Kano domin horon 'yan duba-gari. Mishan ta SIM ta riƙe zaman kutare na Yadakunya, ta kuma buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ita ma tana horon mataimakanta a bakin aiki.

Sunayen da jama'a suka ba ma'aikatan nan suna da abin lura. An ari likita da asibiti daga Turanci an sa musu kamannin Hausa, amma ga ma'aikacin ɗakin shan magani sai aka ce malamin asibiti, watau aka sa shi cikin sahun masu ilmi da aka riga aka sani. Shi kuwa duba-gari sunansa ya nuna yadda aka ɗauke shi: mai leƙa randa da masai, wanda bayansa tara ke biyowa. Mutumin karkara ya fara sanin maganin Turawa ta hannun waɗannan biyu, ɗaya da allura, ɗaya da sammaci. Dukansu suna jin harshensa sarai, sai dai iliminsu na da iyaka, kuma ba a buɗe musu ƙofar da za su hau su zama likitoci ba.

IV

Horon cikakken likita ya daɗe bai iso Arewa ba. A 1930 aka buɗe makarantar likita a Yaba, kusa da Ikko, amma waɗanda suka fita daga cikinta sai aka ɗauke su mataimakan likita, albashinsu ƙasa da na wanda ya yi karatu a Ingila. Ƙorafin da aka yi a kan darajar karatun Yaba yana cikin abin da ya haifi ƙungiyar samarin Ikko a 1934. Ɗan Arewa na farko da ya zama likita, Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, sai da ya je Jami'ar Birmingham, ya komo ya shiga aikin Gwamnati a 1940. A 1948 karatun likita ya koma Kwalejin Jami'a ta Badun, inda 'yan Arewa suka kasance ƙalilan, saboda makarantun sakandare masu koyar da kimiyya ba su da yawa a nan.

Ganin haka Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tata makarantar likita a Kano a tsakiyar shekarun 1950, don ta sami masu riƙe asibitocin larduna da sauri. Sai tsohuwar gardamar Yaba ta sake tasowa. Masu goyon baya suka ce gwamma likita mai gajeren karatu da babu, masu suka kuwa suka ce ba daidai ba ne a yi wa talakan Arewa likita mai daraja ta biyu. Makarantar ba ta yi tsawon rai ba aka rufe ta. Masu suka sun yi nasara, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, amma tambayar da makarantar ta so amsawa, watau wa zai zauna a karkara ya yi aiki, ta ci gaba da zama ba amsa.

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen likita a 1967, a zamanin shugabancin Dokta Ishaya Audu, wanda shi kansa likitan yara ne, likitocinta na farko kuma suka fita a 1972. Kano ta sami nata rabon bayan kafa Jami'ar Bayero a 1977, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988. Kwalejin ƙasa mai horon likitoci su zama ƙwararru ta kafu a 1979. Daga nan tsarin ya zauna: shekara shida a jami'a, shekara guda ta gwajin aiki a ƙarƙashin manya, shekarar bautar ƙasa, sa'an nan mai son ƙwarewa ya ƙara wasu shekaru da jarrabawa hawa-hawa. A cikin wannan tsari ne aka saba keɓe lokutan ilmi ga likitoci masu koyo. Da safe a zaga gadajen majinyata tare da babban likita, ƙarami ya kawo labarin majinyaci guda a tattauna, a kuma zauna a bi bayan waɗanda suka rasu a ga inda aka yi sake. Wannan zama na ƙarshe shi ne abin da zauren wanzami bai taɓa samu ba. Amma dukan wannan da Turanci ake yinsa, a cikin birni, majinyacin kuwa sau da yawa daga ƙauye ya zo, Hausa kaɗai yake ji.

V

Tarihi ya nuna cewa duk sa'ad da masu koyar da likitoci suka fita suka saurari karkara, ilmin likitanci kansa ya ƙaru. A shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Wanda bai san mene ne jego ba, ba zai yi tambayar da za ta kai shi nan ba. Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya nuna irin hatsarin da ke kan matar da ba ta zuwa awo sai naƙuda ta yi tsanani. A gundumar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi binciken zazzaɓin sauro daga 1969 zuwa 1976, gida-gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta riƙa tura ɗalibanta Malumfashi, asibitin koyarwa na Kano kuma ya sami cibiyarsa ta karkara a Kumbotso.

Haka kuma sa'ad da bayani ya yanke tsakanin likita da jama'a, an ga abin da ya biyo baya. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, shari'ar da ta biyo baya kuwa babban ginshiƙinta shi ne ko an yi wa iyaye bayanin da suka fahimta kafin su yarda. Wannan tabo yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin allurar shan-inna a 2003, har aka dakatar da ita a Jihar Kano sai a 2004. Da aka komo ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, aka yi magana da mutane a zaurukansu, sai aiki ya tafi, har aka tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Nijeriya a 2020.

VI

Abin da wannan tarihi ke koya wa mai shirya ranar horon likitoci a wuri kamar Dawakin Tofa abu uku ne. Na farko, a yi ta a inda majinyata suke, a fara da gaisuwar hakimi da dagaci, gama ta ƙofarsu ake shiga gidaje. Na biyu, a sa ma'aikacin ɗakin shan magani da ungozoma da wanzami cikin masu koyarwa na ranar, ko da na sa'a guda ne, su faɗi abin da ake yi wa mara lafiya kafin a kai shi asibiti. Na uku, a keɓe lokaci ga harshe. Kalmar shawara ba ta tsaya kan cuta guda ta littafin likita ba, haka basir, haka sanyi, haka daji. Likitan da ya ji ɗaya daga cikinsu ya fassara ta kai tsaye da sunan cuta guda na Turanci, ya rufe tambaya tun ba a buɗe ta ba. Ko likita Bahaushe ba ya kuɓuta daga wannan, domin shekarun karatunsa duka da Turanci ya yi tunanin jikin ɗan Adam.

A nan ne aikin ya faɗo kan sassan nazarin Hausa da kwalejojin horon malamai. Ƙamus na Bargery na 1934 yana ɗauke da sunayen cututtuka da yawa, amma an yi shi ne domin Bature mai koyon Hausa. Abin da ake bukata shi ne a bi kasuwanni da zauruka na ƙasar Kano, a rubuta yadda mutane ke faɗin ciwonsu da bakinsu, maza dabam, mata dabam, a zauna da likitoci a daidaita kowace kalma da abin da take iya nufi. Malamin da ke koyar da tsabta a firamare shi ne zai fara amfana da irin wannan littafi, daga ajinsa kuma likitocin gobe da majinyatansu za su fito.